Shekarar da Inna Ta Hau Rumbu

Bana ma ruwa ya yi nawa. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi har awaki su fara kuka suna neman ɗaki, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi, a bar mu da gumi. Ni dai na gaji da kwashe shanya a banza. Shekaranjiya ina kan keken ɗinki a tsakar gidana a nan Bodinga, ina takawa ba don ina so ba, sai autata Ummi, da ke kwance a tabarma da waya a hannu, ta ja dogon tsaki ta wurgar da wayar kan filo.

Na ce, "Ke da wa kuma?"

"Mama, marubuciyar nan ce. Daidai inda zai faɗa mata gaskiya ta tsaya, wai sai jibi za ta turo ci gaba."

"Jibi," na ce. "Jibin nan da ke bayan gobe?"

Ta ce shi fa. Na ce to Allah ya ba ki haƙuri, na ci gaba da ɗinkina. Amma ɗinkin ya ƙi tafiya daidai, don hankalina ya riga ya koma Mandera, ƙauyenmu na ƙasar Shagari, shekarar da nake 'yar sha biyar ko kusa da haka, ruwa ya yi irin wannan nawar, ni ma ina da nawa littafin.

A lokacin da an gama kaka maza ke tafiya cin rani. Babanmu Kudu yake yi, ya yi dako a kasuwa, ya dawo gab da faɗuwar ruwa. Kafin ya tafi akwai aiki guda da ba ya ba kowa. Zai hau tsani ya shiga rumbu, ya fiddo dammunan gero daidai abin da ya ƙiyasta zai kai mu damina, a sussuke a zuba wa Inna a buhu. Sauran, har da irin shuka da ya zaɓa tun a gona, a bar su a ciki. Sai ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun da ke can sama, ya ɗora masa jinka. Hatsin ciki na damina ne, na ranakun da za a wuni duƙe da hauya. Mace ba ta buɗe rumbu a garinmu, ba ta ko leƙa shi. In kuwa aka ga an sauke jinkar rumbun mutum alhali ba ya gari, to magana ɗaya ce, ya rasu, za a raba gado. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini ga dalili.

Yanzu buhunan maigidana suna cikin sito, makullin yana rataye jikin ƙusa a ɗakina, in ya yi nisa ma ya kira ni a waya ya tambaya ko shinkafa ta saura. Ummi ba ta taɓa ganin cikin rumbu ba.

Mu uku Baba ya bari a gida: Inna, da ni, da ƙanwata Rabi wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Ba shi da ɗan'uwa namiji a garin. Rani ya wuce lafiya, bazara ta shigo da zafin da ban ƙara ganin irinsa ba. Kafin hantsi ƙasa ta fara cin ƙafa. Randa da kanta ɗumi take yi. Rijiyar unguwarmu ta yi ƙasa har sai an ƙulla igiya da igiya, guga ya fito da rabin ruwa rabin taɓo, a ajiye ya kwanta kafin a sha. Fulanin da ke kawo mana nono sun bi shanu sun yi nisa, fura sai da ruwa tsura. Da asuba mu je ɗiban ruwa, mu dawo a yi surfe, a yi daka, a dama. Daga nan ba sauran abin yi sai neman inuwa da kallon gabas.

Lokacin dawowar 'yan cin rani ya yi. Ranar kasuwar Shagari mota za ta sauke su, sai ka gan su da yamma suna shigowa gari da ƙunshi a kai, wani da sabon bokiti, wani da rediyo yana ta kuka a kafaɗa. Duk gidan da aka dawo Inna za ta tura ni in yi barka da zuwa, in tambaya. Amsa ɗaya nake kawo mata, ba a gan shi ba. Mutum guda ne ya ce sun rabu tun tsakiyar rani, Baba ya ce aiki ya yi wuya zai ƙara gaba. Gaba ina, bai sani ba. Babu waya a lokacin, saƙo sai a bakin matafiyi.

Buhun Inna ya fara kwanciya. Da farko tuwon dare ne ya koma na tsallake-tsallake, yau a yi gobe a sha kunu. Daga baya kunun ya yi ruwa har kana ganin fuskarka a ciki. Ta sayar da akuyarta aka sayo garin rogo, shi ma ya bi sahu. Muka shiga daji tsinkar yaɗiya da ɗiban anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin bala'i da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ko bayan an dafa, ɗacin yana nan maƙale a maƙogwaro har a kwanta. Duk wannan ana yi ga rumbu tsaye a tsakar gida, muna zama a inuwarsa da safe.

Ana cikin haka littafin ya zo. Larai, ɗiyar yayar Inna, wadda ke aure a Bodinga, ta zo suna garinmu, da za ta koma ta zaro shi daga jakarta ta ce, "Dije, ke da kinka yi boko, riƙe wannan ki rage zafi." Littafin soyayya ne irin waɗanda mata ke karɓa hannu da hannu. Ya sha wuya kafin ya iso gare ni. Ba shi da bango, shafukan farko sun tafi, gefensa ya yi baƙi da maiƙo, yana ƙanshin man shafawa da hayaƙi. Ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Kawai na buɗe na tarar da wata Suwaiba 'yar makaranta a birni tana gudu cikin ruwan sama, littattafanta sun jiƙe, ta fake a bakin wani kantin magani, yaron kantin mai suna Mukhtar ya miƙo mata kujera bai ce komai ba.

A ranar Goggo Tumba ta leƙo ta katanga. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba haƙori ko ɗaya a bakinta amma bakin ya fi na kowa kaifi.

"Mi kike ma murmushi ke kaɗai, kamar wadda ta ƙoshi?"

Na karanta mata wurin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, a littahi ma birni anka kai ruwan." Ta zagayo da tabarmarta ta zauna.

Daga nan ya zama aiki. Bayan azahar, lokacin da ciki ya fi kuka, sai mu taru a gindin dogonyaron gidanmu, ana gyaran ganye ina karatu. Goggo ta kafa doka, kaɗan za a karanta kullum don ya daɗe, kuma da an tashi ita za ta tafi da littafin gidanta ta tura ƙarƙashin katifa. "Ba ki riga mu sani," in ji ta. Na yi magiya ta ƙi. Haka nake kwana da Suwaiba da Mukhtar a raina ba tare da na san gobensu ba.

Ba zan ɓoye ba, na so Mukhtar ƙwarai. Yaro ne marar hayaniya, yana karatu yana tsaron kantin kawunsa, in zai yi wa Suwaiba magana sai ya dubi ƙasa. Ranar da ya ce mata ya ajiye kujerar nan bai ƙara barin kowa ya zauna a kai ba, sai da na ajiye littafin na rufe fuska da gyale, Goggo tana ta mini dariya da dasashinta. Ina karatu ina manta cewa ban ci komai ba tun kunun safe. Wallahi mantawa nake yi, sai na miƙe in ji jiri.

Inna ba ta zama da mu. Ta ce ƙaryar 'yan boko ce, ita tana da abin yi. Amma na lura turminta yana matsowa, jiya yana bakin madafa, yau yana kusa da randa. In an zo wurin da ya yi daɗi taɓarya takan tsaya a sama kaɗan kafin ta sauka. Ni ɗiyar fari ce, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce, "Ke, ɗaga murya mana, tsohuwa ba ta ji." Alhali Goggo tana jin motsin ɓera a gida na uku.

Akwai wurin da suka yi faɗa. Wata ƙawarta ta kai mata gulma, Suwaiba ta yi fushi ta shige ɗaki, aka kai mata shinkafa da miya da cinyar kaza, da lemo mai sanyi daga firji, ta ture farantin ta ce ba ta jin yunwa.

Goggo ta ajiye ganyen da ke hannunta. "Koma baya. Ta ture mi?"

"Shinkafa da kaza, Goggo."

"Ta ture. Don namiji."

"Ranta ne ya ɓaci."

"Allah shi kawo ta Mandera ta kwana biyu, mu ga ɓacin rai."

Har Inna sai da ta yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Rabi kuwa daga ranar ba ta da wani wuri sai wannan. Kullum kafin a fara sai ta ja zanena ta ce, "Yaya, a ƙara wurin kaza." In karanta mata, tana kwance a cinyata tana haɗiyar yawu. Na karanta wurin nan har na haddace shi, yanzu ma in na so zan iya kawo shi da ka.

Ruwan fari ya zo wata ranar da rana tsaka, bayan har an fita roƙon ruwa an gaji. Iska ta fara, sannan manyan ɗigo masu ƙarfi, ƙasa ta tashi da ƙanshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Muka tara duk abin da ke da baki, har da ludayi. Kashegari tun da sassafe gari ya watse zuwa gona. Maza a gaba da sungumi suna saran rami, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Mu muna gida, irinmu yana cikin rumbu.

Goggo ta shigo ba sallama. Da sunanta take kiran Inna, A'i.

"A'i, ƙasa ba ta jiran kowa. In ta sha iska shi ke nan."

"Malam shina tahe, Goggo."

"Wa yac ce miki?"

"Bai taɓa wuce ruwan fari ba. Yau ko gobe."

"To ki bari in kira liman, shi sa a buɗe da shaida."

Inna ta ɗago ta dube ta. "A buɗe a ce mi? Da raina da hankalina in sa a sauke jinkar mutum shina da rai?"

Goggo ta koma gida ta kawo mana ɗan abin da ta rage daga nata irin, bai cika ƙaramin ƙoƙo ba. Muka je muka shuka shi a kusurwar gona, ko faɗin tsakar gidanmu bai kai ba. Sauran gonar Baba tana nan shimfiɗe, jiƙaƙƙiya, ba komai a cikinta. Da muka juyo gida Inna ba ta waiwaya ba.

Yau ta wuce, gobe ta wuce. Ruwa ya ɗauke kuma, rana ta dawo da ƙarfinta. Shukar mutane ta fito ta yi laushi tana lanƙwasa, amma ta riƙe. Tafasa ta tsiro a bakin hanya, muka samu canjin ganye, sai dai ganye ba hatsi ba ne. Abin da ya saura a buhu Inna ta koma auna shi da tafin hannu. In an dama ta ba Rabi, ta ba ni, in na ce ita fa ta ce ta sha tun a madafa. Na san ba ta sha ba, ita ma ta san na sani.

Rabi ta daina wasa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, hannuwanta suka zama kamar kara, ciki kuwa ya fito. Ba ta kuka, da ma kuka take yi da ya fi mini sauƙi. Zama kawai take yi inda aka ajiye ta tana kallon mutane. Ko wurin kaza ta bar tambaya. Tsoro ya kama ni sosai, kuma na fara jin haushin Inna, haushin da ban da bakin faɗa. Sai in duƙufa a kan littafin in yi ta karatu da ƙarfi.

A littafin kuwa an shirya. Gaskiya ta fito, ƙawar ta ji kunya, Mukhtar ya tafi wani gari rubuta jarrabawa, ya ce in ya dawo zai tura manyansa gidan su Suwaiba. Goggo har ta fara lissafin irin kayan da za a kai. Shafukan da suka rage a hannuna na dama sun yi siriri, na ce a raina daidai biki ke nan.

Ruwa na biyu ya sauko da safe, mai yawa, ya yi ta zuba har kusan azahar. Tsakar gida ta cika, kwaɗi suka fito daga inda ban sani ba. Da ya tsagaita Goggo ta shigo da littafin a ƙunshe cikin zane, ƙafafunta duk taɓo. Gindin dogonyaro ya jiƙe, sai muka zauna a bakin ɗakin Inna. Ita tana daga ciki, Rabi na kwance a jikinta.

Na fara. Ranar da Mukhtar zai dawo aka aiko cewa motarsu ta faɗi a hanya, an kwashi mutane zuwa asibiti, wasu da rai wasu babu. Suwaiba ta fita ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta isa asibiti tana tambaya, wannan ya tura ta can, wancan ya turo ta nan. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta dube ta ta nuna mata wani ɗaki a ƙarshen baranda, ba ta ce mata komai ba. Suwaiba ta taka har bakin ƙofar, ta ɗora hannu a kai.

Na juya shafi. Layi biyu ne kawai a sama, mai littafin yana cewa wanda ke son jin abin da ta gani ya nemi littafi na biyu. Ƙasansa fari fat. Na sake juyawa, babu komai sai gwiwata.

"Ci gaba mana," in ji Goggo.

"Ya ƙare."

"Kamar yaya ya ƙare? Yage shi anka yi?"

"Ba a yage ba. Wai akwai na biyu."

"Ina na biyun?"

Na ce ban sani ba. Hawaye ya cika mini ido, na takaici. Duk rowar da Goggo ta yi mana da shafukan nan, ashe a bakin ƙofa za a ajiye mu. Sai muka ji muryar Inna daga cikin ɗaki, ita da ta ce ƙaryar 'yan boko ce.

"Ke. Shina da rai ko ya mutu?"

"Ba a faɗa ba, Inna."

"Shi wanda yar rubuta, ya sani?"

"Ya sani mana."

Da Inna ta sake magana muryarta ba ta tashi ba, amma ban taɓa jin ta haka ba. "Ya sani, yab bar ɗiyar mutane tsaye. Mutum shi aje ka, shi tahi abinai, ko saƙo babu. Kai ka ci, kai ba ka ci ba, ba ruwanai. Wannan ba mutunci ba ne."

Ta zame Rabi daga jikinta a hankali ta kwantar, ta fito, ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ta zagaya bayan rumbu ta jawo tsanin Baba da ke kwance can tun kaka, ta jingina, ta ɗauki hauya.

Goggo ta ce a hankali, "A'i, kin san abin da za a ce."

"Na sani. Riƙe min tsanin."

Tsohuwa ta riƙe gefe, na riƙe gefe. Inna ta hau. Ta ture jinkar ta faɗo cikin taɓo. Ta yi bisimilla ta sari lakar, ruwa ya riga ya tausasa ta, ba ta yi gardama ba. Ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta sauko ta ce mini, "Hau ki shiga, kin fi ni sauƙin jiki."

Cikin rumbun da ɗumi da duhu, ga ƙanshin gero mai kama hanci. Ban yi nisa da sauka ba ƙafata ta taka dami, don a cike yake kusan har wuya. Ko gara ba ta taɓa shi ba. Irin shuka yana gefe a ɗaure daban, manyan zangarniya masu cika ido. Na tsaya a kansu na yi kuka mai isata. Duk watannin nan abin nan yana nan, tsakaninsa da inda Rabi ke kwance bai fi a miƙa hannu ba. Inna ta ƙwanƙwasa jikin rumbun ta ce in miƙo, rana na tafiya.

Ba mu gama sussukar damin farko ba muka ji sallama. Rumbu ya fi katanga tsawo, duk mai wucewa ya ga bakinsa a buɗe. Mata biyu ne daga unguwar gabas, sun yafa manyan mayafai, suka durƙusa a gaban Inna suka ce, "Ashe haka Allah yay yi. Allah shi jiƙanai, shi ba ku haƙuri." Kafin ta buɗe baki wasu sun shigo, wata har ta fara sheshsheƙa. A ƙofar gida kuma maza sun fara shimfiɗa tabarma, an tafi kiran liman.

Inna ta ajiye taɓarya ta fita har zaure, abin da ba ta yi in akwai maza. Ta ce, "Ku yi haƙuri ku naɗe tabarmarku. Ba a aiko da komi ba. Yunwa ce." Ta dawo ta ɗauki taɓaryarta. Matan suka fita ɗaya bayan ɗaya ba mai kallon wata, amma har magariba ana ta zuwa, don labari ya riga gyaransa isa ƙarshen gari. Duk wadda ta shigo Inna ta maimaita mata kalmomin nan, tana daka.

Ranar muka ci tuwo. Rabi aka fara ba kunu mai kauri, cokali cokali, Goggo tana hana a cika mata. Ni na ci har cikina ya yi ciwo.

Kashegari muka fita gona. Inna ce da sungumi a gaba, ni a baya da ƙwaryar iri, Goggo a gindin itace tana riƙe da Rabi. Inna ba ta taɓa saran shuka ba, layinta ya yi ta karkacewa, kafin hantsi tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Masu wucewa zuwa noma suna mana sannu suna kawar da kai. Gonakin da ke kewaye da mu sun yi kore har idon sawu, tamu jar ƙasa. Geronmu bai taɓa kamo na mutane ba a shekarar. Ruwa ya ɗauke yana cikin fidda kai, rabinsa bai yi ido ba.

Na biyun littafin kuwa ban taɓa samunsa ba. Larai ta ce ita ma haka aka ba ta. Bayan an kawo ni Bodinga na je wurin mai hayar littattafai a kasuwa, ya ce mene ne sunan littafin, na ce ba shi da bango. Na ba shi labarin tun daga kujera har asibiti. Ya saurara, ya nuna mini tulin da ke gabansa ya ce, "Hajiya, duk waɗannan akwai asibiti a ciki." Na ɗauki wasu na gwada, ba Suwaibata ba ce. Goggo Tumba har ta rasu tana cewa yaron na da rai, don in ya mutu wa zai sayi na biyu. Ni dai ban sani ba.

Baba kam ya dawo, muna cikin noman farko. Da la'asar ne, mun taso daga gona, Inna tana daka, sai ga sallamarsa a zaure. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ba bokiti ba rediyo, sai 'yar jaka a hammata. Ciwo ne ya kwantar da shi a garin da ba wanda ya san shi, da ya tashi kuma sai da ya sake yin dako kafin ya samu na mota. Rabi ta ɓuya a bayana. Na shimfiɗa masa tabarma, Inna ta yi masa sannu da zuwa kamar jiya ya fita, ta dama fura ta miƙa masa, ta koma bakin turmi.

Ya riƙe ƙwaryar bai sha ba. Ya dubi rumbu, ya dubi Rabi ya daɗe yana dubanta.

"Na biyo ta gona," ya ce. "Shukarmu ta yi baya ƙwarai. Ba ku samu ruwan fari ba?"

"An samu."

"To mi yaf faru?"

"Iri na cikin rumbu."

Ba faɗa ya yi ba, da mamaki ya yi tambayar, kamar abin bai taɓa zama magana ba. "Subhanallahi. To mi yah hana ki buɗe tun da wuri?"

Taɓarya ta tsaya. Na zaci za ta faɗa masa anza, da akuyar da aka sayar, da kunun da take cewa ta sha a madafa. Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta gyara tsumman da ke hannunta ta ce, "Ai na buɗe daga baya, Malam. Mandera duk ta zaka ta yi min gaisuwarka."

Baba ya sunkuyar da kai a kan ƙwaryar. Inna ta ci gaba da dakanta.